Motar Da Ba Ta Kuka

Ƙarar tukunya na fara ji. Motar kam ko tari ba ta yi ba. Ta sulalo daga ƙofar masana'antar motocin da nake aiki, baƙa wuluk tana sheƙi, ta kwashi mahaifiyata da amalankenta ta maka su da bakin kwalta. Tamales ɗin da take sayarwa, wato alalar masara da ake naɗewa a ganye, suka watse a titi suna tururi. Tayar baya ta hau ƙafarta ta hagu, ƙashin ya ce ƙas, kamar an karya rake.

Na diro daga bas ɗin ma'aikata tun bai tsaya ba.

"Yaretzi," ta ce, jini na jiƙa siket ɗinta, "na saurara fa, 'yar nan. Babu abin da ke tahowa."

Gaskiyarta. Mu a unguwarmu da kunne ake tsallaka titi. Tsofaffin bas ɗinmu tun daga bayan gada ake jin gurnaninsu, kafin hayaƙin ya iso. Shekara ashirin da biyu mahaifiyata, Doña Eufemia, tana tura amalanke a gaban ƙofar nan, kai a sunkuye, kunne bai taɓa cin amanarta ba.

Masu gadi huɗu suka rugo. Biyu suka durƙusa suna shafa fenti da farar safar hannu. Biyu suka kawo tampol suka lulluɓe motar.

*

Daga gwiwa aka yanke ƙafar, a wani asibiti a Saltillo. Kwana uku bayan nan manajanmu, Treviño, ya kira ni ofis.

Ni ce injiniya ta farko a danginmu, kuma duk motar lantarkin da za ta fita sai da sa hannuna. Lokacin da aka ɗauke ni, cewa aka yi ƙaramar mota za mu ƙera, wadda direban tasi zai iya saye. Aka soke, wai ba riba. Muka koma ƙera wa masu hannu da shuni. Kowace mota akwai 'yar na'urar da ke guna don masu tafiya a ƙasa su ji. Wadda za a kai wa manyan baƙi su gwada, Treviño kan ce a kashe mata. "Shirun nan suke saye," in ji shi.

"Zauna, Injiniya. Ya jikin Doña?"

"Saura ƙafa ɗaya, yallaɓai."

Ya turo mini takarda. An rubuta cewa na'urar tana aiki a ranar.

"Sa hannu kawai. Magani, keken guragu, duk a wuyanmu. Kujerarki kuma tana nan."

"Kai ka ce in kashe ta."

"Ni? A ina na rubuta?" Ya yi murmushi. "Tsufa ne, Injiniya. Kunne yakan yi nauyi."

"Matar da ke jin faɗuwar sulalla a cikin kasuwa?"

Na yaga takardar gida huɗu, na jera masa a kan tebur.

A hanyar fita na ga motar, an gyara mata goshi tana jiran mai ita. Dokar wurin ita ce duk mai zobe ya naɗe shi da salatif, kada fenti ya ji ciwo. Na ɓare salatif ɗin daga zoben kammala karatuna, na danna shi a jikin fentin motar, na yi tafiyata a hankali daga fitilar gaba har ta baya. Ran nan kam motar ta yi kuka.

Kulki na farko a haƙarƙari ya same ni. Na biyu a baki. Masu gadin suka ja ni da gashi a kan siminti, wani yana taka mini yatsu.

"Karatun ne ya haukata ki ko, 'yar mai tamales?"

"Su ne dai kake ci bashi kullum," na ce, na tofa masa jini da haƙori a kan takalmi. Ko hawaye ɗaya ban ba su ba.

*

Aka sallame ni, wani ya sa hannu a madadina. Bayan wata guda wasiƙa ta zo: kamfani, saboda tausayi, ya ba Mama aiki.

"Ba za ki je ba," na ce.

"Ke kin yi naki, na kuma ji daɗi," ta ce tana gyara ƙullin siket a kan dungun. "Amma gobe wata ce za ta tsallaka da goyo. Miƙo mini rigar."

Yanzu ni ke tura amalanken, kaina a sama, ina duban kowa ido cikin ido. Ita kuma tana bakin ƙofa a kan kekenta, cikin riga ruwan ɗorawa, usur rataye a wuya. Da an zuge ƙofa sai ta cika ƙirji ta busa, har jijiyoyin wuyanta su tashi. Mutane su dare.

Gilasan motar masu kauri ne, ni na gwada su da hannuna. Na ciki ba ya jin komai.