Hannun Mai Niƙan Barkono

Ni niƙa nake yi. Injina yana bayan kasuwa, kuma ranar da aka sallamo babbar 'yata daga asibiti da jaririnta, tun safe barkono nake niƙawa. Mijinta ya aiko cewa biyowa kawai za su yi ta gidanmu, mota na jiransu. Na kashe inji, na wanke hannu a bokiti, na canza riga, na taho da sauri.

Ina miƙa hannu, matata ta janye jaririn.

"Malam, da wannan hannun? Ai yajin ya riga ka shigowa."

"Na wanke da ruwa."

"Ruwa kawai?"

Ni ba na son doguwar magana. Na ce kowa ya duba, na sa yatsa na murza idona.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ga hawaye, ga majina, surukina ya ƙura wa silin ido don kada ya yi dariya.

Autarmu, mai karatun haɗa magunguna, ta wanke mini idon, ta ɗauko kwalbar man girki.

"Baba, abin da ke yaji a barkono dangin mai ne, ruwa ba ya ɗauke shi. Jikinmu kuwa ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da 'yar fatarta ta maiƙo. Sai ya shige cikin maiƙon nan ya zauna, ya taɓa wata 'yar ƙofa a jikin jijiya, wadda zafin wuta ke buɗewa. Da ta buɗe, sai jijiya ta aika wa ƙwaƙwalwa cewa gobara ta tashi."

"To ina wutar?"

"Babu. Ƙarya ya yi maka."

"Shekara da shekaru muna tare, ashe maƙaryaci ne?"

"Kawo hannun, Baba, direba yana hon."

Ta zuba mini mai, ta murza har ƙarƙashin farce, ta bi da sabulun wanke-wanke, ta ɗauraye, ta sake. Duk da haka matata ba ta yarda ba, sai da ta kama yatsana ta ɗora a harshenta. Muka zuba mata ido muna jiran hukunci.

"Sabulu kawai nake ji. A ba shi."

Aka ɗora mini shi, ɗumi-ɗumi, ba nauyi. Da ido ɗaya nake ganinsa, ɗayan ya ƙi buɗuwa. Ya yi mini wata doguwar hamma a fuska.

Direba ya sake danna hon. Na ce wa surukina, "Je ka ce masa ya kashe motar nan. Ni da abokina ba mu gama gaisawa ba."