Takun Baba Shitu

Rami na uku ke nan suka haƙa, shi ma busasshen yashi kawai yake fitarwa. Maitama ya yar da shebur, ya dubi 'yan gayya. Kowa ya kau da kai.

Shekara biyu mutanen unguwarsu, can bayan Dayi, suna fama da fadamarsu da yashi ya cinye. Sun dasa ciyawar jema a gefen kwari, sun jera duwatsu, sun hana noma har bakin rafi. Saura idon ruwan da yashin ya binne tun Maitama yana goye. In ba a tono shi kafin damina ba, an riga an faɗa, kowa zai koma ya nome rabonsa, a manta da zancen. Mutum ɗaya ya rage da ya san wurin, maƙwabcinsa Baba Shitu, shi kuma wata biyu ke nan yana kwance.

Da la'asar Maitama ya yi sallama ya shiga. Tsohon yana kan tabarma a inuwar rumbu, ya rame har ya zama abin tausayi. Matarsa Inna Atu tana kora masa ƙuda.

"Baba, yau ma babu."

"Daga ina ka fara?"

"Daga kututturen ɓaure, yadda kuka ce. Taku sittin, fuska gabas."

"To yana nan. Ni na auna da ƙafata." Ya lumshe ido. "Ruwa ne mai sanyi, Maitama, har haƙori yake kamawa. Rake a nan, albasa a can, kwaɗi ba sa barin mutum ya ji kiran salla. A bakinsa na fara ganin wannan tsohuwar."

"Ka ji shi," in ji Inna Atu. "Ana ciwo ana tsokana."

"In kun same shi, kawo mini ko a murfin buta ne. Na gaji da ruwan burtsatse."

Maitama ya ce in sha Allahu. A ransa kuwa ya yanke cewa tsufa ya rikita lissafin, bai kuma koma fadamar ba. Ranar Alhamis da hantsi ya jiyo kuka ta kan katanga. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma duk tsawon hanya maganar murfin butar nan ce take cin sa.

Ran sadakar uku ya shiga gaida Inna Atu. Bayan sun yi addu'a ta ce, "Wai ni wa ya auna takun nan?"

"Ni ne, Inna."

Ta dube shi tun daga hula har ƙasa, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

"Kai da ƙafafu kamar zalɓe! Mutumin da sa ya karya wa ƙugu tun yana saurayi? Takunka ɗaya ai biyunsa ne, ɗan nan. Ni ma ban tuna ba sai jiya."

Shekara arba'in Maitama yana bin bayan tsohon nan zuwa masallaci, yana rage sauri don kada ya wuce shi. Ya saba da ɗingishin har ya daina ganinsa. Kewa ta taso masa, mai nauyi, ya miƙe bai ko yi sallama ba.

Ya tarar da fadamar babu kowa. Ya tsaya a kututturen ɓaure, ya cire takalmi, ya fuskanci gabas. Ya ajiye hagu, ya jawo dama, ya karkata kafaɗa yadda Baba yake yi. Jikinsa ya san tafiyar sarai, ba sai ya yi tunani ba. Yana ƙirge, sittin ta cika nesa da ramukansu, a wani fili da suka sha takawa.

Ya durƙusa ya sa shebur. Wajen zurfin ƙugu yashin ya yi duhu, ya fara manne wa yatsunsa. Ya zauna a bakin ramin yana kallon ruwa na tsattsafowa a hankali, jaja-jaja, bai ko cika tafin hannu ba. A bayansa sawu ya miƙe kan yashi har gindin ɓauren, ƙafa ɗaya ta taka, ɗaya ta ja.