Sandunan Gonar Maiwada

Maiwada ya durƙusa a tsakiyar tumatirinsa, ya damƙi ƙasa, ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar garin masara. Ganye duk ya yi yaushi ya kwanta. Ga sandar kamfani kuwa a kafe, 'yar fitilarta sai ƙyafta ido take, ko kunya babu.

A da, a wannan fadama ta Danja, in gonarka ta ji ƙishi sai ka ɗaga murya: "Shitu, sako mana!" Shitu mai inji ya ɗan zage ka, ya sako.

Sai bana ƙungiyar manoma ta ce ta waye. Shugaba, Alhaji Mahadi, ya kawo kamfanin da ya kulle injin ruwa cikin kejin ƙarfe, ya kakkafa sanduna masu jin danshin ƙasa a gonakin yamma. In ƙasa ta bushe, su gaya wa inji ta iska, shi kuma ya buɗe ruwa. Aka sallami Shitu. Sakatare kuwa, Malam Jibril, wanda rabonsa da gaisawa da shugaba tun rikicin wata bazawara da kowa ya san gidansu, ya ce ba a fi shi sanin manya ba. Ya jawo nasa kamfanin, aka kafa wa gonakin gabas nasu sandunan. Gonar Maiwada a gabas take.

Ranar da surukarsa ta rasu a wani ƙauyen Kafur, matarsa Sakinatu ta ce, "Malam, wa zai duba shukar? Ka san masara ba ta yi ba, ita kaɗai muke kallo."

"An ce yanzu ba ta buƙatar mutum."

Ya zauna makoki har aka yi addu'ar bakwai. Ƙauyen ba sabis. Suna hawa kwalta, saƙonni suka yi ta faɗowa wayarsa, duk magana ɗaya: gonarka tana buƙatar ruwa.

* * *

A Funtua, a ofishin kamfanin da ya kafa masa sanda, wani mai ɗaure da nektai a wuya ya juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Baba, namu lafiya lau suke. Kullum suna aika saƙo."

"Wa suke aika wa?"

"To, injin ba namu ba ne. Tsarinsu daban, namu daban, ba sa jin juna."

"Kun san haka kuka kafa?"

"Ai da ƙungiya ta ɗauki injinmu, da ba a yi haka ba. Ka yi musu magana mana."

Maiwada ya tashi ya fita. Wato shukarsa tana ta ihu, inji yana nan kusa da ita, kuma duk waɗannan masu takalma sun san ba zai ji ba!

Ya je wa shugaba. Alhaji Mahadi ya ci gaba da jan carbi, ya ce, "Tambayi wanda ya kafa maka." Ya je wa sakatare, ya ce, "Tambayi mai keji." Juma'a kuwa ga su a sahu ɗaya, kowa da sabon babur.

* * *

Da yamma Sakinatu ta kora akuyarsu gonar, ko busasshen ganyen ta samu. Ba abin ɗaure ta, sai ta zarga igiyar a jikin sandar kamfani.

Maiwada yana tsaye, yana jin injin yana ba gonakin yamma ruwa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai ciro ta ba.