Inda Kaset Yake Tsayawa

Saleh ya ɗaga kaset ɗin da yatsu biyu, baƙin zarensa ya zubo yana lilo har kan kanta. Ya juya shi, ya hura, ya sake juyawa, sannan ya dubi Surayya ta saman tabarau.

"Ya ukhti, 'yar'uwata, wannan kam ya riga mu gidan gaskiya. Bidiyon taku ba haɗiye shi kawai ta yi ba, sai da ta tauna."

"A liƙa mana, Malam Saleh."

"A liƙa me da me? Duba nan, duk ya tsinke ya yamutse. Ko na haɗa, yayyafi kawai za ki gani a allo."

Surayya ta dafa kantar. Shagon nan na unguwar Aziziyya shi ne na ƙarshe da ta sani. Tun tana yarinya ake hayar kaset a cikinsa, yanzu kuwa wayoyi da caja sun mamaye gaba, tsofaffin kaya sun koma lungu tare da Saleh ɗin kansa. A waje babban yayanta Hashim ya danna ham, irin dannawar mutumin da aka fito da shi ba da son ransa ba.

Kaset ɗin na ɗaya yayan nata ne, Zaharadden. Ya haura arba'in, furfura ma ta fara leƙowa a gemunsa, amma hankalinsa ya tsaya a na ƙaramin yaro tun wani zazzaɓi da ya yi yana goye. Mahaifiyarsu, marigayiya Ummi, ce ta ɗaukar masa shirin daga talabijin: wani fim na mutanen da ke yawo tsakanin taurari, wanda aka juya da Larabci, su a gida suke kiransa Kyaftin Mundir. A wancan zamanin idan lokacin salla ya yi, talabijin ba ta jiran kowa. Ko a tsakiyar faɗa ake, sai hoto ya ɗauke, ladan ya ɗauka. To haka abin ya shiga kaset ɗin. Kullum idan rana ta yi ja sai a kunna masa. Kyaftin Mundir ya taka har ƙofar jirgi, ya ɗora hannu a kan mariƙi, sai kiran sallar magariba. Nan Zaharadden zai miƙe, ya yi alwala, ya yi salla, ya zauna ya ci abinci. Haka aka yi a hannun Ummi, haka Surayya ta gada.

Tun da kaset ya tsinke kuwa, magariba ba ta sake yi ba a wurin Zaharadden. Yana zaune gaban allo, ko loma ya ƙi. A lallashe shi, a yi masa faɗa, a sa masa kiran salla a waya, amsarsa ɗaya ce: "Ba a kira ba." Ga shi da ciwon suga. Likita ya ce in aka wayi gari bai ci ba, sai gadon asibiti. Hashim kuma ya riga ya yi magana da wani markaz, wato cibiyar da ke riƙe irin su Zaharadden, ya ce daga asibiti can zai wuce, ba zai dawo gida ba.

"Tsaya," in ji Saleh. "Wane shiri ne ma a ciki?"

Da ta faɗa masa, sai fuskar dattijon ta washe. Ya shige lungu, aka ji kwalaye na faɗuwa, ya fito riƙe da wani akwatin kwali mai sheƙi.

"Ai sun sake fitar da shi! An wanke hoton tas, ga shirin gaba ɗaya a faifai, har da faifan kiɗansa daban. Murya biyu ce a ciki, sabuwa da tsohuwa. Ki zaɓi tsohuwar, sabuwar ba ta da gishiri. Wane kashi yake kallo?"

"Wanda Kyaftin ke zuwa ƙofar jirgi shi kaɗai."

Murmushin Saleh ya koma ciki. "Wannan? Kullum? Yana kallon abin da ya biyo baya kuma ya iya cin abinci?"

"Babu abin da ya biyo baya. Ana kiran salla, kaset ya ƙare."

"Subhanallah. Ke ba ki taɓa gani ba? Ai yana buɗe ƙofar nan shi ke nan. Fita yake yi ya gyara jirgin don sauran su tsira, igiyarsa ta tsinke, ya tafi cikin duhu yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Wallahi ranar da aka fara sa shi, babu yaron da bai yi kuka ba daga nan har unguwar Waziriyya. Ni da gemuna na yi." Ya sake ɗaga mataccen kaset ɗin, ya haska shi da fitila. "Kuma wa ya ce miki ya ƙare? Ga zare nan fal ba a taɓa ba. Maimaici aka ɗauka. Wanda ya ɗauka ya riga ya gani, ya kashe da gangan."

Surayya ta dubi zaren. Sau nawa tana ƙarama ta yi wa Ummi ƙorafin a nuna musu sauran, Ummi ta ce, "Kaset ne ya ƙare, 'yar nan, ni na yi shi?" Ashe tsohuwar nan da saninta. Kewar Ummi ta taso wa Surayya, sai da ta juya fuska tana gyara mayafi. Saleh ya yi kamar bai gani ba, ya haɗa mata akwatin da na'urar faifai ta aro a leda ɗaya.

A mota Hashim bai jira ta rufe ƙofa ba.

"Yalla, mu tafi. An gyara?"

"An sami sabo."

"Sabo! Surayya, ki ji tsoron Allah. Mutum na mutuwa da yunwa, ke kina yawon sayen fim. Markaz ɗin nan akwai likitoci, akwai masu kula dare da rana. Ke fa? Aiki kin bari, manema kin kora, kin zama mai gadin bidiyo."

"Yaya, a markaz wa zai san ba ya shan shayi sai a kofin Ummi?"

"Zai saba."

"Bai saba da komai ba tun da aka haife ni."

"Halas, magana ta ƙare. Yau ce ta ƙarshe. In bai ci ba, da safe ni zan ɗauke shi da kaina, kuma kada ki yi mini kuka."

Ba mugu ba ne Hashim, a faɗi gaskiya. Shi ke biyan haya, shi ke sayen magani, shi ke bin layin sabunta iƙama, takardar izinin zamansu a ƙasar. Gajiya ce ta yi masa yawa, kuma shi idan tsoro ya kama shi, faɗa yake yi. Surayya ta buɗe ledar. Ta zaro faifan kiɗan ta tura a rediyon tsohuwar motar, don kawai ta rufe masa baki. Kakaki ya tashi, ganguna suka biyo, kiɗan buɗe shirin ya cika motar. Hashim ya ja tsaki. Amma kafin su kai unguwarsu ta Sa'alaba yatsunsa na bugun sitiyari daidai da gangar, shi bai ma sani ba.

Sun tarar da Zaharadden inda suka bar shi, a kan darduma gaban talabijin, maƙwabciyarsu Luba na gadinsa. Leɓunansa sun bushe, idanun sun faɗa. Tiren shinkafa na gefensa a rufe, ko murfin bai ɗaga ba. Luba ta girgiza kai kawai, ta ja takalmanta ta fita.

Hashim ya haɗa wayoyin na'urar da talabijin yana mita. Rana ta riga ta yi ja a bangon gidan da ke kallonsu. Kiɗa ya tashi, Zaharadden ya ɗago kai a karo na farko. Sai Kyaftin ya buɗe baki, wata murya ta fito siririya, ta wani saurayi da ba a sani ba.

"Ba shi ba ne!" Zaharadden ya toshe kunnuwa. "Ba shi ba ne, ba shi ba ne!"

Innalillahi! Ta manta da maganar Saleh. Ta shiga danne-danne a rimot, rubutu ya fito, ya ɓace, fim ya koma farko, ya yi tsalle gaba. Hashim na cewa ki ba ni, ita tana cewa ka bari. Suna cikin wannan kokawa masallacin unguwa ya kira magariba ya gama, Zaharadden ko gezau. Da ƙyar ta gano wurin. Tsohuwar muryar ta fito, mai kauri, mai ɗan kaushi, wadda suka tashi da ita a kunne.

Zaharadden ya sauke hannuwa a hankali. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allo. Shi da ya saba da hoto mai dishi-dishi, yau ga maɓallan rigar Kyaftin ana iya gani ɗaya-ɗaya.

"Surayya," ya ce da dasasshiyar murya, "Kyaftin ya yi wanka."

"Ya yi wanka, Yaya."

Ta zauna a bayansa, rimot a tafin hannu, babban yatsa a kan maɓallin tsayarwa. Bakinsa na bin maganganun kalma-kalma, har da inda ake tari. Ita kuwa idonta na kan allo. In ta yi sauri, zai ce ba nan ba ne. In ta yi jinkiri, ƙofar za ta buɗe, ya ga abin da Ummi ta ɓoye masa duk rayuwarsa, kuma wannan babu kaset ɗin da zai gyara shi. Kyaftin ya sallami mutanensa. Ya bi dogon lungun jirgin. Ya tsaya. Ya ɗaga hannu, ya ɗora a kan mariƙin.

Ta danna.

Hoto ya daskare. Ɗakin ya yi tsit, sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. A nan ne Surayya ta gane wautarta. Tun daga shago tunaninta duk yana kan inda za ta tsayar, ba ta yi tunanin abin da zai biyo baya ba. Sabon faifai ba ya katsewa don salla. Wayarta kuma tana can cikin jaka a mota.

Zaharadden ya jira. Ya karkata kunne. Sai ya fara jijjiga gaba da baya, yana wani ƙaramin nishi.

"Ba a kira ba. Ya tsaya. Surayya, ya lalace." Ya juyo ya hango rimot. "Saki! Saki ya tafi!"

Ya cafko hannunta. Duk da yunwar, ƙarfinsa na namiji ne. Ta ƙanƙame rimot ɗin a ƙirji, yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ita tana cewa "Yaya, don Allah, Yaya," hawaye na zuba. Saura kaɗan ya ƙwace.

"Allahu akbar, Allahu akbar!"

Daga bakin ƙofa muryar ta fito. Hashim ne tsaye, makullin mota a hannu ɗaya, ɗayan hannun a kunne, idanunsa a rufe. Muryar ba ta da daɗi ko kaɗan, ta mutumin da ya yi shekaru yana faɗa da direbobi ce, ta fashe a sama, ta shaƙe a ƙasa. Amma bai tsaya ba. Ya ja kiran sallar har ƙarshe, a tsanake, yadda ake yi.

Yatsun Zaharadden suka saki. Ya zauna shiru yana motsa baki, yana amsa wa ladan kamar yadda Ummi ta koya masa. Da aka kai ƙarshe ya shafa fuska, ya dafa bango ya miƙe, yana naɗe hannun riga. Da ya zo wucewa ta gaban Hashim sai ya tsaya ya dube shi da tausayi.

"Ladan yana mura," ya ce, ya wuce banɗaki.

Surayya ta kashe talabijin tun hoton na daskare. Su ukun suka yi salla, Hashim a gaba. Ana sallamewa Zaharadden ya jawo tiren da kansa, ya ɗaga murfin, ya yi bisimilla. Shinkafar ta huce tuntuni, bai damu ba. Suka zuba masa ido yana kai loma, kamar motsi kaɗan zai kore shi.

Sai da ya ci rabi Hashim ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwoyin doguwar rigarsa, ya nufi ƙofa. Surayya ta bi shi don ta karɓo jakarta. A kan matakala ya tsaya, bai juyo ba, yana ta jujjuya makulli a yatsa.

"Wannan faifan," ya ce, "kullum haka zai riƙa yi? Ba ladan a ciki?"

"Babu, Yaya."

Ya yi gyaran murya, ya shafa maƙogwaro.

"To gobe ki jira ni kafin ki kunna."