Wushiryar da Aka Toshe

"Kada ki motsa harshe. Ki riƙa numfashi ta hanci."

Mai haƙori ya danna ɗan faranti cike da wani ƙullu mai sanyi a saman bakinta, ya riƙe da yatsu biyu. Ƙullun ya cika mata ganɗa, yana neman gangarawa maƙogwaro. Ta damƙe hannun kujera, hawaye na bin gefen idonta yana shiga kunne.

"Garin yaya haƙoran suka fita?" ya tambaya.

"Santsi ne ya kwashe ta a banɗaki," Inna ta amsa daga bencin bakin ƙofa, tun bai rufe baki ba.

Ya dubi tabon ɗinkin da ke leɓenta na sama, ya dubi kuncin da bai gama sacewa ba. "Allah ya kyauta. Banɗakunan nan akwai santsi, Hajiya. Ba ita ce ta farko ba a watan nan."

Ba wani banɗaki. Mijinta ne, da hannun da yake sa zobe. Abin da ya jawo ma bai taka kara ya karya ba, ta dai tambaye shi inda ya kwana, a gaban ƙaninsa. Da kanta ta tsince haƙoranta biyu na gaba a ƙarƙashin teburin cin abinci, ta goya ɗiyarta ta gudu gida. Ta tarar Baba ba ya nan, yana can wurin yayanta ana duba masa zuciya. Inna ta kuskure mata baki da ruwan gishiri, ta kai ta aka ɗinke leɓen, kafin la'asar ta mayar da ita ɗakinta. A hanya ta sa ta rantse da Allah ba za ta taɓa buɗe baki ta faɗa wa Baba ba.

"So kike ki kashe shi? Mutumin da aka ce ko ƙarar ƙofa ba a so ya ji?"

Ta rantse. Amma rantsuwar ta baki ce, ba ta hana Baba gani da idonsa ba, kuma a nan ta rataya duk abin da ya rage mata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa Uwata yake kiranta. Har wushiryar tsohuwar ta gado, kuma tun tana ƙarama yakan sa ta yi dariya don kawai ya gani. Wannan Baban ne ya taɓa rufe shagonsa da rana tsaka ya taka har makaranta saboda wani malami ya shata mata bulala a hannu. Ta tabbata idan ya ga bakinta, ba za ta ƙara kwana a gidan mijin nan ba.

Inna ma ta san haka, shi ya sa suke nan.

Mai haƙori ya ɓamɓare farantin, ya ba ta kofi ta kuskure. Ya ce dasashin bai gama warkewa ba, da an ɗan jinkirta, don idan ya sace haƙoran robar da za a yi mata za su riƙa rawa. Inna ta ce babu zancen jinkiri, Baba na hanyar dawowa. Ta miƙa masa wayarta, da hoton ranar auren.

"Ka ga wushiryar nan? Haka za ka mayar mata, kada ta ƙaru kada ta ragu. Ubanta ya fi sanin ta fiye da layin tafin hannunsa."

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Surukin ne. Inna ta karɓa ta fita, muryarta ta koma zuma tun daga bakin ƙofa.

Mai haƙori ya jawo wani allo mai jerin haƙora, daga fari tas zuwa ruwan ƙwai, yana kara su ɗaya bayan ɗaya a jikin nata don ya samo launin da ya dace. Ta rufe baki da gefen mayafi, saboda tun ranar maganarta ke fita da iska.

"Malam, ka haɗe su. Kada ka bar wushirya."

Ya dakata. "Ke kuwa! Mata har layi suke yi a nan a buɗe musu ita."

"Akwai wanda nake so ya gane."

Ya ajiye allon, ya ce bakinta ne, yadda ta ce haka za a yi.

* * *

Mijin ne ya kai ta ta karɓo su, ya jira a mota. Haƙora biyu ne manne da wata roba ruwan hoda mai kwanciya a ganɗa, da wayoyi biyu sirara masu maƙalewa a haƙoran gefe. Aiki ya yi kyau, a nan kam ba a cuce su ba. Da ta shiga motar ya kama haɓarta ya juya ta hagu da dama.

"To, ai shi ke nan. Kamar ba a yi ba."

Bai ma lura babu wushiryar ba. Mutumin da ya yi ta yabon ta lokacin neman aure, har da cewa ita ce ta hana shi barci! Ta so ta ji haushi, sai ta tarar ba ta da sauran wurin ajiye shi.

Kwanakin da suka biyo baya ya zama miji na gari, irin wanda ake ba da misali da shi. Ya sayo mata atamfa, ya riƙa dawowa da wuri, ya riƙa ɗaukar yarinyar yana cilla ta sama. Mukullin ƙofar waje dai yana aljihunsa, wai don ta huta da masu zuwa dubiya. Ita kuma tana koyon zama da baƙon abu a bakinta. Robar ta goge mata dasashi har ya yi gyambo. Abinci ya daina ɗanɗano, ruwan shayi sai ya kai maƙogwaro take sanin yana da zafi. Idan ta ce "sannu" sai ta ji wani ɗan fito ya biyo baya. Takan tsaya gaban madubi ta yi murmushi, ta auna iya buɗewar da za ta yi don Baba ya gani daga inda yake zaune.

Tana jin tsoro. Ba ta son ta zama sanadin ciwonsa, kuma ba ta son ta mutu a gidan nan. Duk yadda ta juya abin, tsakanin waɗannan biyun take tsayawa.

* * *

Ranar da suka je yi wa Baba sannu da zuwa, Inna ce ta tare su a tsakar gida. Ta amsa gaisuwar surukinta da fara'a, ta karɓi jikarta, sannan idonta ya sauka a bakin ɗiyarta. Fara'ar ta ɗauke. Ta finciko ta gefe.

"Ina wushiryar? Me na gaya wa mutumin nan?"

"Haka ya yi su, Inna."

"Ƙarya kike, na san halinki. To wallahi ki tsuke bakinki, ki tuna kin rantse."

Baba yana kishingiɗe a kan darduma a ɗakinsa, ya rame, magunguna jere a gefen filo. Surukin ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, aka taɓa hirar hanya da tsadar asibiti, sannan ya ce bari ya shigo da tsarabar da ya bari a mota. Ɗakin ya rage daga ita sai mahaifinta.

"Uwata, matso mana. Ko kin manta da ɗan naki?"

Ta matso har gwiwarta ta taɓa bakin dardumar. Ta yi masa murmushin da ta yi ta koyo, ta riƙe shi har kumatunta suka fara rawa. Ya dube ta. Ta ga lokacin da idonsa ya tsaya a bakinta, ta ga lokacin da ya kawar da shi ya mayar kan carbinsa.

"Yaya mutuniyar tawa? An ce ta fara tafiya."

"Ta fara, Baba."

Wataƙila ciwo ne ya rage masa gani. Wataƙila ɗakin ne babu haske. Daga waje ta ji an rufe bayan mota. Ta sa farce a ƙarƙashin wayar hagu, ta ɓalle, ta zaro haƙoran ta riƙe su a tafin hannu. Ta ɗaga leɓenta da yatsa ta nuna masa giɓin, jajir, da gyambon da ke gefensa. Ba ta ce uffan ba, rantsuwarta tana nan.

Baba bai dafe ƙirji ba, bai yi salati ba. Ya sauke numfashi irin na wanda aka taso wa maganar da ya riga ya rufe.

"Sai da na ce wa mahaifiyarki a tabbatar an bar miki wushiryarki," ya ce a hankali. "Yanzu duk wanda ya san ki sai ya yi tambaya."

Ta kasa sauke yatsan daga leɓenta.

"Mijinki ya zo ya same ni har asibiti, ya durƙusa, ya yi kuka. Ya ce sharrin shaiɗan ne. Ni kuma kin ga yadda na koma, Uwata. Ƙannenki mata biyu suna ɗaka ana neman su, me za a ce da gidan nan?" Ya jawo butar alwalarsa ya tura mata. "Ɗauraye ki mayar. Ga shi nan tafe, kada ya ga kamar ƙararsa kika kawo."

Takun mijinta ya iso tsakar gida, tana jin Inna na sa masa albarka da ƙarfi. Ta karkata butar, ruwan ya zubo a kan haƙoran ya bi ta tsakanin yatsunta ya jiƙa gefen dardumar. Baba ya janye ƙafarsa don kada ya taɓa shi.