Akwatin Baba da Kasuwar Safe

A hawa na uku na ginin kamfanin jiragen akwai wani ɗaki marar taga inda ake yanke wa garuruwa hukunci. Taswira ta cinye bango guda, an ja mata layuka ja da shuɗi, duk sun taru a kan manyan ɗigo biyu. Ɗigon nan su ne manyan filayen kamfanin, ma'aikata na ce musu cibiya. Ƙananan jirage kan kwaso mutane daga ƙananan garuruwa su juye su a cibiya kusan lokaci guda, sai manyan jirage su kwashe su zuwa nesa. 'Yan ofis suna kiran wannan hargitsi kasuwa. Akwai kasuwar safe, akwai ta yamma. Wanda ta safe ta watse ba shi, sai ya wuni a kan kujerar ƙarfe yana tsine wa wanda ya tsara tafiyar.

Auta na cikin masu tsarawar, yau kuwa ko shayinta ta kasa sha. A gefen taswirar akwai wani sabon layi siriri, ya taso daga garinsu ya shigo cibiya. Ta daɗe tana yaƙi a kan layin nan. Daga ƙarshe Darakta ya ba ta ƙaramin jirgi ɗaya, da sharaɗi: mutanenta su riski kasuwar safe tun ranar farko. In suka rasa, jirgin ya koma hannun Dogo, abokin aikinta mai kula da ɗaya cibiyar, wanda ya daɗe yana lashe baki a kansa.

"Jirgin Auta ya sauka," in ji wani daga bakin allon kwamfuta. "Har da sauran lokaci."

Ɗakin ya kaure da tafi. Auta ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. A cikin jirgin nan akwai mahaifinta, tsohon direban doguwar mota da bai taɓa barin ƙasa da ƙafarsa ba. Zai wuce ne da babban jirgi wajen yayarta da ta haihu a can ƙetare.

Dogo ya miƙe ƙafafunsa har ƙarƙashin teburin maƙwabcinsa. "Sannu da ƙoƙari, ranki ya daɗe. Amma sauka daban, cin kasuwa daban."

"Ka dai tanadi hankici," ta ce.

Lissafinta ba shi da aibu. Ta auna tafiyar daga ƙofar ƙaramin jirgi zuwa ta babba, ta ƙara lokacin tsofaffi, ta ƙara na masu goyo, har na mai shiga bayan gida ta ƙara. Fasinjan da ke cikin lissafin mutum ne mai ladabi: ya sauka, ya karanta allo, ya bi kibiya. Duk wanda ke ɗakin nan ya hau jirgi har ya gaji, shi ya sa babu wanda ya tuna akwai abin da sai an faɗa wa mutum.

Wayar teburinta ta yi ƙara. Ma'aikaciyar ƙofar babban jirgi ce.

"Mun fara shigar da mutane. Naki fa, ko ɗaya ban gani ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ƙyallin hularsu."

Auta ta fizgi katin shaidarta ta fita da gudu. Ta bi ta gadar gilashi da ta haɗa ofis da filin, ta ratsa masu jan akwati, ta kusa ture mai goge-goge da bokitinsa. Abin mamaki, dariya ce ke neman ƙwace mata, don ta fara zargin abin da za ta tarar.

A mararrabar da hanya ta rabu biyu ta same su. Kibiya ɗaya na nuna wajen sauya jirgi, ɗaya na nuna ɗakin karɓar kaya. Mutanen garinsu kaf suna bakin ƙofar ɗakin kayan, wasu a tsaye, wasu sun shimfiɗa mayafi sun zauna. Mai gadin ƙofar ya yi gumi har wuya. A gabansa Baba ne, hannu a baya, kamar mai jiran a gama sha wa motarsa mai.

"Baba, me kuke yi a nan?"

"Auta, ke ce? Zo ki yi wa yaron nan bayani. Kayanmu muke jira, ya ce wai mu wuce."

"Gaskiyarsa ne, Baba. Kayan sun riga ku. Ana sauke su daga wannan jirgin ake kai su wancan."

"Wa ya kai?"

"Ma'aikata."

"Kin san su?"

Wata tsohuwa daga ƙasa ta ce, "Tambaye ta dai, Direba."

Baba ya gyara tsayuwa. "Na tsufa a kan sitiyari. Ban taɓa ganin mai hankali ya sauya mota ya bar kayansa a ta baya ba. Wanda ya yi haka, sai dai ya isa gida da rigar jikinsa. Ni na ce musu kowa ya tsaya."

Ta san akwatin da yake magana a kai. Koren akwatin mahaifiyarsu ne. A ciki akwai 'yan riguna da hulunan jariri da marigayiyar ta saƙa tun ana sa ranar auren Yaya, ta ajiye, ba ta kai ga ganin mai sa su ba. Da Baba ya bar akwatin nan gara ya bar jirgin, ya bar kamfanin, ya bar aikin Auta gaba ɗaya.

Wayar hannunta ta yi ƙara. Dogo ne.

"Ina ganin kayanku a allo," ya ce, muryarsa kamar mai haɗiyar magani. "Suna kan amalanke, yanzu za a fara lodi. Tagar da ke hagu da ƙofar babban jirgin tana kallon wajen."

"Dogo, yau kai ne?"

"Kar ki yi min godiya. In jirgin nan ya makara a nan, tawa kasuwar yamma ce za ta lalace a can."

Ta juya. "Baba, in na nuna maka akwatin da idonka, za ka shiga?"

"Nuna min tukuna."

Abin da ya biyo baya, masu shagunan filin sun daɗe suna ba da labarinsa. Auta a gaba tana ɗaga kati, Baba a bayanta ya tattare babbar riga, sai jama'ar gari guda suna binsu da sassarfa, tsohuwar nan tana ta faɗin a jira ta alhali ita ce ta uku. Tafiyar da Auta ta auna da tausayin tsofaffi, tsofaffin suka cinye ta a rabin lokacin.

Suka manne da gilashin tagar. A ƙasa bel ɗin lodi yana hawa da kaya ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin babban jirgin.

"Ga buhuna."

"Waccan mai igiya tawa ce."

Can sai Baba ya hango koren akwatin, da ƙyallen atamfa ɗaure a hannunsa. Ya bi shi da ido har ya shige.

"A kife suka ɗora shi," ya ce.

"Ba abin da zai zube, Baba."

"Uwarki ba ta son a kife mata kaya." Ya laluba aljihu ya fito da tikitinsa. "To, jama'a, a shiga. Mota ba ta jiran kowa."

Ma'aikaciyar ƙofa ta riƙa karɓar tikiti da hannu biyu. Baba ne na ƙarshe, kamar yadda direba ya saba. Aka rufe ƙofa, allo ya nuna jirgin ya tashi a kan lokaci.

Da Auta ta koma ɗaki marar taga, gyalenta a karkace, Darakta na tsaye gaban taswira yana duban siririn layin.

"Jirgin naki ne," ya ce. "Amma daga gobe, kafin su sauka, a riƙa gaya musu inda kayansu za su."

"Faɗa ba zai isa ba, ranka ya daɗe. Sai dai a riƙa bi da su ta gaban tagar."

Dogo ya janye ƙafafunsa ya ba ta hanya. "Sa shi a lissafi," ya ce. "Tsayuwar kallon akwati."

Ta zauna, ta jawo kwamfutar, ta sa. Sannan ta ɗaga waya ta kira shugaban masu lodi, ta roƙe shi in an isa can a sauke wani koren akwati a daidai.