Ranar da Efraín Bai Ɗaga Ido Ba

Talata ce a watan Fabrairu, ruwa na zuba a garin Delano tun asuba, ba wanda ya fita gonar inabi. A ranar aka kira Efraín Zamudio jarrabawar baka ta Turanci. Shekara bakwai ke nan yana ajin 'ya'yan baƙi masu koyon Turanci a makarantarsu, kuma duk wanda bai fita daga ajin nan ba, ba ya samun gurbi a darussan da ke kai mutum jami'a. Karatu da rubutu ya riga ya haye, magana kaɗai ta rage. Ita kuwa ba ta dame shi ba, don shi ke yi wa mahaifiyarsa tafinta a asibiti, a filin ƙwallo ma ba mai rufe masa baki.

Mai jarrabawar dattijuwa ce, sa'ar kakarsa. Ta ajiye hoton wani shago, ta ce ya ba ta labarin abin da ke faruwa. Efraín ya yi yadda aka koya masa a gida: gaban babba, ido ƙasa, amsa gajeriya. Ya ce wani mutum ne ke sayen burodi. Ta ce sai kuma me? Ya ce shi ke nan, ranki ya daɗe. Ta jira, ta ƙara jira, sannan ta rubuta wani abu.

A hanyar gida, Yesenia 'yar kawunsa, wadda ita ma ta yi tata jarrabawar, ta ce ita har mata da kare da ciwon baya ta ƙaga wa mai shagon.

"Kai fa, sarkin surutu?"

"Abin da ta tambaya na amsa."

"Surutun ake ba maki, sakarai. Rana ɗaya aka ce ka zuba, sai ka zama waliyyi."

Da sakamako ya fito, maki huɗu suka rage masa. Malama Arredondo, mai ajinsu, ta roƙe shi ya sake jarrabawar baɗi, ta ce za ta riƙa zama da shi bayan an tashi. Ya ce to. Amma girman kai ya hana shi sake zama aji ɗaya da yaran da suka tsallako iyakar ƙasar jiya jiya. Da bazara ya bi Kawu Rigoberto tsinkar inabi, bai koma makaranta ba.

Yesenia tana birnin Fresno yanzu, tana karatun jinya. Shi kuwa ya rasa shekara biyu na sakandare, da malama guda da ta so ta tsaya masa, da takardar gamawa wadda mahaifiyarsa ta riga ta kafa wa ƙusa a bango.